Bernardino Ramazzini

Bernardino Ramazzini (an haife shi ranar 4 ga Oktoba, 1633, ya rasu ranar 5 ga Nuwamba, 1714) likita ne ɗan ƙasar Italiya kuma malamin jami'a, wanda ya koyar da likitanci a biranen Modena da Padua. An fi saninsa da littafin da ya rubuta da harshen Latin mai suna *De Morbis Artificum Diatriba*, wato bayani a kan cututtukan masu sana'a, wanda ya fito a shekarar 1700. Shi ne littafi na farko da ya ɗauki sana'o'i ɗaya bayan ɗaya, tun daga masu haƙar ma'adinai har zuwa malamai masu zaman karatu, ya faɗi irin ciwon da kowace sana'a take jawo wa mai yin ta. Wannan ne ya sa ake masa laƙabi da uban likitancin ma'aikata. Abubuwa biyu ya shigar cikin horon likitoci waɗanda har yau ake koyar da su: a tambayi majinyaci sana'arsa, kuma likita ya taka da ƙafarsa ya je ya ga wurin da ake yin aikin.

Haihuwa da karatu

An haife shi a garin Carpi, kusa da Modena, a arewacin Italiya. A lokacin Italiya ba ƙasa ɗaya ba ce, ƙananan dauloli ne kowace da mai mulkinta, Carpi kuwa tana ƙarƙashin gidan sarautar Este. Sunan mahaifinsa Bartolomeo, mahaifiyarsa Caterina Federzoni. Ya yi karatun farko a hannun limaman Katolika na ƙungiyar Jesuit, sannan ya tafi Jami'ar Parma, inda ya sami digirin falsafa da likitanci a shekarar 1659.

Daga Parma ya wuce birnin Roma ya ƙara ƙwarewa a wajen likita Antonio Maria Rossi. Bayan haka aka ɗauke shi likitan gari a Canino da Marta, wasu ƙananan garuruwa na talakawan manoma da ke arewa da Roma, a yankin da fadama ta yi yawa. A can zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, ya kayar da shi sosai har dole ya ajiye aikin ya koma gida Carpi jinya. A Carpi ya auri Francesca Righi. Shekarun da ya yi a can ya cika su da karatun tsofaffin littattafan Girkanci da Latin, abin da ya fito fili daga baya a rubutunsa, domin da wuya a juya shafi ba a ci karo da baitin wani mawaƙin Rumawa ba.

Zaman Modena

Ya koma Modena a 1671. Likitocin birnin ba su karɓe shi da hannu biyu ba, shi ma kuma ba mutum ne mai gudun gardama ba. Rikicin da ya fi fito da sunansa shi ne wanda ya yi da Giovanni Andrea Moneglia, wani likitan birnin Florence, a kan wata mace 'yar manyan gida da ta rasu bayan haihuwa. Sun daɗe suna mayar wa juna martani a rubuce kafin hukuma ta tsawatar.

A 1682 mai mulkin Modena, Francesco na II, ya naɗa shi farfesan likitanci a jami'ar birnin, wadda aka sake farfaɗo da ita a lokacin. Ya riƙe kujerar shekara 18. A cikin waɗannan shekaru ya rubuta bayanan annobar da ta riƙa faɗa wa yankin daga 1690 zuwa 1694, yana haɗa labarin cutar da labarin ruwan sama, da ambaliya, da cutar da ta kama alkama, da abin da mutane suka koma ci sa'ad da abinci ya yi ƙaranci. A 1691 ya wallafa littafi a kan rijiyoyin Modena, waɗanda in an haƙa aka huda wani ɓangare na ƙasa sai ruwa ya yi tsiri sama da kansa. Don ya rubuta wannan littafi sai da ya sa aka zura shi cikin rijiyoyin da ma'aunin zafi a hannu, ya kuma riƙa hira da masu haƙar. Ya kuma riƙa rubuta awon nauyin iska, ya yi musayar wasiƙu a kan haka da masanin Jamus Gottfried Leibniz, wanda ya zauna a Modena ɗan lokaci a ƙarshen 1689. Ƙungiyar masana ta Jamus da ake kira Leopoldina ta ɗauke shi mamba ta yi masa laƙabi da Hippocrates na uku.

A zangon karatu na 1690 zuwa 1691 ya koyar da ɗalibansa darasi na musamman a kan cututtukan masu sana'a. Ana ɗaukar wannan a matsayin karon farko da aka ware wannan fanni aka koyar da shi a wata jami'a, shekara kusan goma kafin littafin ya fito.

Mai yasar masai

Ramazzini da kansa ya ba da labarin abin da ya jawo hankalinsa ga wannan bincike. A Modena, birni mai cunkoso da dogayen gidaje, al'ada ce a yashe masan kowane gida duk bayan shekara uku. Ranar da aka zo yasar na gidansa, sai ya ga mai aikin yana yi da gaggawa kamar ana korarsa. Ya ji tausayinsa, ya tambaye shi dalilin da ba zai bi a hankali ba don kada ya gaji. Mutumin ya ɗago daga cikin ramin ya bayyana masa cewa wanda bai taɓa yi ba ba zai gane ba, duk wanda ya wuce awa huɗu a cikin ramin nan kamar ya makance ne. Da ya fito, Ramazzini ya duba idanunsa ya ga sun yi jawur sun dushe. Maganin da masu aikin suka sani shi ne su ruga gida, su shige ɗaki mai duhu su kwana ɗaya a ciki, suna wanke idon da ruwan ɗumi.

Bai tsaya nan ba. Ya riƙa lura da makafi da masu dundumi da ke bara a titunan birnin, ya tarar da dama daga cikinsu tsofaffin masu yasar masai ne. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne tururin ramin ido kawai yake ci, ya bar huhu da ƙwaƙwalwa. Daga nan ya fara bin rumfunan masu sana'a, har waɗanda likitocin zamaninsa suke ganin shiga cikinsu zubar da girma ne, ya kuma aika wasiƙu ga likitocin wasu garuruwa yana tambayar sana'o'in da babu su a Modena.

Abin da littafin ya ƙunsa

Kalmar da ya zaɓa a sunan littafin tana da muhimmanci. *Artifex* a Latin tana nufin mai sana'ar hannu, wanda ya iya wani aiki yake ci da shi. Ta fi kusa da abin da Bahaushe yake nufi da mai sana'a, kamar maƙeri ko majemi, fiye da ma'aikaci mai jiran albashi a ƙarshen wata. A 1700 babu masana'antu irin na yau, mutanen da ya rubuta a kansu galibi masu rumfa ne da yaransu da 'yan ƙwadago. Ita kuma *diatriba* a wancan zamani tana nufin doguwar tattaunawa ta ilimi.

Bugun farko ya fito a Modena da babi kusan 40. A 1713 ya sake fitar da shi a Padua da ƙarin sana'o'i 12, jimilla ta haura 50. Ya kasa musabbabin cututtukan gida biyu. Na farko shi ne abin da mai sana'a yake taɓawa ko yake shaƙa, wato ƙura da hayaƙi da tururi da guba. Na biyu shi ne yadda aikin yake tilasta wa jiki: tsayuwa ko zama na tsawon yini, sunkuyo, ɗaukar kaya mai nauyi, da maimaita motsi ɗaya ba hutawa.

Ya fara da masu haƙar ma'adinai, sannan masu shafa wa kayan azurfa da tagulla ruwan zinariya. Waɗannan sukan kwaɓa zinariya da zaiba su ƙona, zaibar ta tashi ta bar zinariyar, su kuma su shaƙi tururin. Ya ce tun suna samari hannunsu da wuyansu suke fara karkarwa, haƙora su zube, jiri ya riƙa ɗibarsu, kaɗan ne suke tsufa. Ya ga irin wannan a masu yin madubi a Venis, da kuma masu shafa wa masu ciwon tunjere man zaiba da hannunsu, domin shi ne maganin cutar a lokacin. Maginan tukwane kuwa dalma ce take cinsu. Da ita suke yi wa tukwane ƙyalli, suna niƙa ta suna dama ta da hannu, sai hannun ya shanye, ciki ya riƙa murɗawa, fuska ta koma launin toka.

A babin masu sassaƙa dutse ya kawo shaidar likitan Holan, Diemerbroeck, wanda ya feɗe gawar irin waɗannan ma'aikata ya ji wuƙarsa tana gurzar yashi a cikin huhunsu. Masu tankaɗe da awon hatsi ya same su da tari da sarƙewar numfashi da ƙaiƙayin jiki, haka masu gidan burodi da masu niƙa. Maƙera idonsu ne yake lalacewa saboda kallon wuta. Maƙeran tagulla na Venis, waɗanda suke taru a unguwa ɗaya suna dukan ƙarfe daga safe zuwa dare, kunnensu yakan yi nauyi, in sun tsufa a aikin su kurmance. Wannan na cikin bayanai na farko da aka rubuta a kan kurmancewa saboda ƙarar wurin aiki.

Sashen da ya yi a kan yanayin jiki shi ne ya fi kama da abin da ake karantawa a yau. Masu aiki a tsaye suna samun kumburin jijiyoyin ƙafa. Teloli da masu ɗinkin takalma bayansu yana tanƙwarewa. 'Yan dako suna fama da ƙaba. Magatakarda da masu kwafar takardu ya ce abu uku ke damunsu, zama wuri ɗaya, da motsa hannu iri ɗaya kullum, da takura ƙwaƙwalwa don gudun kuskure a lissafin ubangida, har ya ba da labarin wani da ya sani wanda hannunsa na dama ya mutu saboda rubutu, ya koya da hagu, shi ma ya bi sahu. Duk wanda ya yini a gaban kwamfuta zai gane wannan babi.

Bai manta da mata ba. Ya yi babi a kan ungozoma, da masu wankau, da masaƙa, da matan da ake ɗauka haya su shayar da 'ya'yan wasu. A cikin babin masu shayarwa ne ya lura cewa sankarar mama ta fi yawa a tsakanin mata masu zaman zuhudu a coci fiye da sauran mata, ya danganta haka da rashin aurensu. Bayanin da ya bayar na dalili bai tsaya ba, amma lurar ta tsaya: binciken zamani ya tabbatar cewa haihuwa da shayarwa suna rage haɗarin wannan cuta.

Akwai kuma labarin wata shari'a da aka yi a garin Finale. Wani mazaunin garin ya kai ƙarar mai ɗakin haɗa sinadarai, yana neman a fitar da shi bayan gari domin hayaƙinsa yana kashe maƙwabta. Aka kawo littafin coci na rajistar mamata don a nuna cewa mutuwa ta fi yawa a unguwar, likitan yankin ma ya ba da shaidar cewa ciwon ƙirji ne yake kashe su. Duk da haka alƙalai suka ba mai sinadaran gaskiya. Masu nazarin gurɓatar muhalli suna yawan ambaton wannan shari'a saboda yadda aka yi amfani da ƙidayar mamata a matsayin hujja.

Tambayar sana'a

A gabatarwar littafin ne ya yi wa likitoci magana kai tsaye. Hippocrates, likitan Girka na dā wanda littattafan Larabci suke kira Buƙrat, ya bar jerin tambayoyin da ake yi wa majinyaci: me yake ji, me ya jawo, kwana nawa, yaya cikinsa, me yake ci. Ramazzini ya nemi a ƙara guda ɗaya, wato wace sana'a yake yi. Ya ce wannan tambaya ta fi zama dole in majinyacin talaka ne, kuma ya lura likitoci ba sa yin ta, in ma sun san amsar ba sa aiki da ita.

Ya haɗa da ladabin shiga gidan talaka. Kada likita ya shigo a tsaitsaye ya kama hannu ya ji bugun jini ya yanke hukunci. Ya zauna tukuna, ko a kan benci ne ko 'yar kujera mai ƙafa uku in babu kujerar alfarma, ya saki fuska, ya yi tambaya a natse. Hujjarsa ta aiki ce: likitan da bai san sana'ar mutum ba zai ba shi maganin da bai dace da jikinsa ba, sannan in ya warke ya mayar da shi ga abin da ya kwantar da shi. Ya kuma lura cewa mai sana'a ba shi da halin doguwar jinya, domin ranar da bai fita ba gidansa ba a ɗora tukunya, saboda haka dole likita ya yi la'akari da wannan wajen zaɓen magani.

Shawarwarinsa na kariya masu sauƙi ne. A rage tsawon lokacin aiki, a riƙa hutawa, a sauya zama da tsayuwa, a yi aiki a wuri mai iska, a wanke jiki da baki, a sauya tufafi, a rufe hanci da baki a wurin ƙura. Ga masu yasar masai ya ba da shawarar su rufe fuska da mafitsarar dabba wadda ake gani ta cikinta. In ciwon ya ƙi, a bar sana'ar, ko da yake shi da kansa ya san ba kowa ke da wata ba.

Padua, makanta da rasuwa

A shekarar da littafin ya fito, Majalisar Venis ta kira shi Jami'ar Padua, wadda take cikin manyan makarantun likitanci na Turai, ta ba shi kujerar koyar da aikin likita. A 1709 aka ɗaga shi zuwa babbar kujerar fannin. Ya zo Padua yana da shekara 67, lafiyarsa kuma ta fara ja da baya. Bugun zuciya da ciwon kai suka dame shi, idonsa ɗaya ya tafi, daga baya ɗayan ya bi. Jikokinsa ne suka riƙa yi masa karatu suna rubuta abin da yake shifta musu, kuma da haka ya kammala bugu na biyu na littafinsa. Ya nemi ya ajiye aiki, hukumar Venis ta ƙi, ta ce ya riƙa koyarwa gwargwadon ƙarfinsa.

A 1710 ya rubuta littafi a kan kiyaye lafiyar sarakuna. A 1711, da ciwon bushiya ya faɗa wa shanun yankin Padua, ya gabatar da lacca a kansa, ya bi sawun cutar har zuwa sa ɗaya da aka shigo da shi daga ƙetare, ya ba da shawarar a ware marasa lafiya, a tsabtace garke, a binne mushe da zurfi. Wannan ita ce cutar da ta share shanun Fulani a ƙasar Hausa wajen 1890, ba a kuma sanar da kawar da ita daga duniya ba sai 2011. Ɗaya daga cikin rubuce-rubucensa na ƙarshe, a 1714, gargaɗi ne a kan yadda likitoci suke ba da ɓawon itacen sinkona ga kowane irin zazzaɓi ba tare da bambancewa ba. Daga wannan ɓawo ne aka fitar da kwinin daga baya. Gargaɗin ya haɗa shi faɗa da tsohon abokin aikinsa na Modena, Francesco Torti, wanda ya fi kowa kare maganin a lokacin.

Ranar 5 ga Nuwamba, 1714, yana shirin fita zuwa aji, jini ya fashe masa a ƙwaƙwalwa, ya rasu a ranar yana da shekara 81. Cikin likitocin da suka zo kansa akwai Giovanni Battista Morgagni, wanda daga baya ya shahara a ilimin gano cuta ta hanyar feɗe gawa. An binne shi a Padua. Ɗan ɗan'uwansa, Bartolomeo Ramazzini, shi ya rubuta tarihinsa aka buga tare da tarin ayyukansa.

Iyakar aikinsa

Ba shi ne farkon wanda ya lura aiki yana sa ciwo ba. Ulrich Ellenbog ya rubuta wa maƙeran zinariya gargaɗi a 1473, Georgius Agricola ya yi bayanin ƙurar ramukan ma'adinai a littafinsa na 1556, Paracelsus ma ya rubuta a kan ciwon masu haƙa. Su duk sun tsaya a kan ƙarfe da ma'adinai, shi ne ya faɗaɗa abin ya game kowace sana'a.

Mutumin zamaninsa ne ta fuskar magani. Ya yi imani da tsohon ra'ayin ruwayen jiki huɗu, bai san ƙwayoyin cuta ba, kuma yawancin magungunan da ya rubuta ba wanda zai ba da su yau. Wasu babobin, musamman na ma'adinai, daga littattafan wasu ya tattaro su. Bai ƙidaya majinyata ba, saboda haka ba a iya sanin yawan masu kamuwa daga bayaninsa. Babin da ya yi a kan Yahudawan Italiya yana ɗauke da ƙyamar da Turawan lokacin suke yi musu. Sannan duk da tausayinsa ga masu sana'a, nasiharsa ga likita da ma'aikaci take tafiya, bai tsara wata doka da za ta tilasta wa mai gida ya gyara wurin aiki ba. Wannan sai da aka jira fiye da shekara 100.

Horon ma'aikatan lafiyar wurin aiki bayansa

An fassara littafin zuwa Ingilishi da Jamusanci a 1705, zuwa Faransanci a 1777. Adam Smith ya ambace shi, Karl Marx ma haka. Da masana'antu suka bunƙasa a Ingila, Charles Turner Thackrah na birnin Leeds ya yi irin wannan bincike a 1831, dokar masana'antu ta 1833 ta kafa sufetoci, a 1898 kuma aka naɗa Thomas Legge likita na farko mai duba masana'antu. Kamfanin Colman's na Norwich ya ɗauki Philippa Flowerday a 1878, wadda ake ɗauka ma'aikaciyar jinya ta farko a masana'anta. A Milan aka kafa ƙungiyar lafiyar ma'aikata ta duniya, ICOH, a 1906, aka kuma buɗe asibitin cututtukan aiki na Luigi Devoto a 1910. A Amurka, Alice Hamilton, wadda ta yi suna wajen bin masana'antun dalma da ƙafa tana tambayar ma'aikata har gidajensu, ta zama mace ta farko da Jami'ar Harvard ta ɗauka koyarwa, a 1919, shekarar da aka kafa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO.

Yau aikin da Ramazzini ya yi shi kaɗai ya rabu hannu da yawa. Akwai likitan ma'aikata, da ma'aikatan jinya, da masu auna ƙura da ƙara da sinadarai a wurin aiki, da masu daidaita kayan aiki da jikin mutum, da jami'an kiyaye haɗari. Horonsu ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Faransa ta wajabta wa kamfanoni likitan ma'aikata tun 1946. Birtaniya ta kafa tsangayar ƙwararrun fannin a 1978. Yarjejeniyar ILO mai lamba 161 ta 1985 ta nemi ƙasashe su samar da wannan hidima ga dukkan ma'aikata, ta hannun ƙwararru daga fannoni daban-daban. Amma ko'ina aka je, ɗalibin fannin yana koyon ɗaukar tarihin aikin majinyaci da zagaya wurin aiki. A 1982 Irving Selikoff da Cesare Maltoni da wasu masana suka kafa Collegium Ramazzini, mai mazauni a Carpi, inda suke taruwa duk shekara.

Giɓin da ya rage babba ne. Ƙiyasin da ILO ta fitar a 2023 ya nuna kusan mutum miliyan 3 suke mutuwa duk shekara ta dalilin aiki, mafi yawansu ta hanyar cuta, ba haɗari ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce fiye da kashi 85 cikin 100 na masu aiki a ƙananan wurare, da gonaki, da sana'o'in da ba su da rajista, ba su da wata kulawar lafiyar aiki.

Alaƙarsa da ƙasar Hausa

Najeriya tana da Dokar Masana'antu ta 1987 da Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, likitoci kuma suna karanta lafiyar ma'aikata a ƙarƙashin fannin lafiyar al'umma. Sai dai waɗannan dokoki sun fi isa ga mai aiki a kamfani. Jerin babobin Ramazzini kuwa ya fi kama da sunayen unguwannin tsofaffin biranen Hausa, irin su Maƙera da Majema da Marina da Dukawa. A ƙaramar hukumar Kiyawa ta Jihar Jigawa, alal misali, za a sami masu awon hatsi da 'yan dako a kasuwar Shuwarin, da mata masu sussuka da shiƙa, da masu injin niƙa, da masu haƙar rijiya, da masu yasar masai, a kewayen Dutse kuma ga masu fasa dutse. An sami ƙarin waɗanda bai sani ba, kamar masu walda da masu feshin maganin ƙwari a gona. Irin waɗannan in ciwo ya kama su ba likitan ma'aikata suke gani ba, ƙaramin asibitin gari suke zuwa, wurin jami'an lafiyar al'umma da aka horar a makarantu irin ta Jahun. Saboda haka a nan tambayar sana'a tana hannun waɗannan jami'ai ne.

Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya nuna nauyinta. Yara suka riƙa suma da jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Da farko an ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magungunansu ba su yi aiki ba. Sai da ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da aikin da ake yi a cikin gidajen, wato daka da niƙa duwatsun zinariya a tsakar gida inda yara suke rarrafe, sannan aka aika jini gwaji aka gano gubar dalma ce. Yara fiye da 400 suka rasu. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga ƙauyukan, na Bagega sai a 2013. Masu haƙar zinariya a yankin suna kuma amfani da zaiba wajen kama zinariyar, su ƙona ta a fili kamar yadda masu shafen zinariya na Modena suke yi. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda Najeriya ta amince da ita a 2018, ta nemi ƙasashe su rage wannan aiki, su kuma horar da ma'aikatan lafiya a kan gane alamun gubar zaiba.